Hancin lantarki da laimar kwaɗi: wane kayan gwaji ne ya cancanci kuɗinka?

Bara na sayi wata 'yar na'ura a intanet, wai tana shinshina laimar kwaɗi (wasu kan ce naman kaza) ta gaya maka ta ci ce ko mai dafi. Da safe na kara mata guda ɗaya, ta kunna kore. Da yamma aka yi yayyafi, na sake kara mata ita dai wannan laimar, sai ga ja. Da na kwance bayanta, sensa (ɗan abin da ke shinshinar) ɗaya tal na tarar, irin mai gano yoyon gas.

Hancin lantarki na gaskiya, wato na'urar da ke gane abu ta ƙamshinsa, yana nan, tun 1982 da masana biyu, Persaud da Dodd, suka gwada shi a Jami'ar Warwick ta Ingila. Samfurin PEN3 na Jamus sensa 10 gare shi, Cyranose 320 kuma 32. Kayan ɗakin bincike ne masu tsada, kuma sai irin da aka koya musu suke ganewa. Danshi da zafi na rikita su.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Dafin amatoksin da ke cikin laimar Amanita phalloides, wadda ta fi kowace laima kisa, ba ya tashi a iska, balle hanci ya kama shi. Ƙamshin da na'urar ke ji, ta ci da mai dafin duk suna da shi.

Manhajar waya mai duba hoto? Ƙyale ta.

Ni dai tsinken gwajin amatoksin na fi yarda da shi, wanda masana na Ma'aikatar Noman Amurka suka fitar a 2020. Kamar na gwajin ciki yake: ka gutsuri ɗan kaɗan, ka jiƙa, ka tsoma, cikin minti 10 sakamako ya fito. Dafin kansa yake nema, ba ƙamshi ba. Sai dai amatoksin kawai ya sani. Dafin orelanin na laimar Cortinarius, mai lalata ƙoda, zai wuce shi salin-alin. Dole masani ya duba laimar tukuna.

'Yan damfara fa sun yi yawa. Duk tallan da ya ce "ɗari bisa ɗari", ko bai lissafa irin da aka gwada ba, ko ya ɓoye adadin sensa, ka riƙe aljihunka. Bidiyonsu kullum laimar gona ce, fara fes. Masu cewa cokalin azurfa na yin baƙi in akwai dafi, ko tafasawa na kashe dafi, jirgi ɗaya ya kwaso su. Amatoksin ba ya jin wuta, kuma sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, lokacin ya riga ya kama hanta.