GARGAƊI GA MASU TARAKTA: naira 485,000 da kan injina sun tafi a hannun mai kiran kansa injiniya

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Amma jiya da yamma wani ya ce min an ga mutumin nan da akwatin kayan aikinsa a wani ƙauye ta hanyar Doguwa, na ce wallahi ba zan yi shiru ya je ya yi wa wani abin da ya yi min ba.

Naira 485,000. Dubu ɗari huɗu da tamanin da biyar, a tsakiyar damina, lokacin da kowane manomi yake neman na taki. Ba ma kuɗin ne kaɗai ba, har da kan injina mai lafiya ya tafi da shi, wanda bakanikai ke ce wa tof silinda, ya kawo min fasasshe ya ɗaura.

Tarakta ce Massey Ferguson 375, tsohuwa, mai injin Perkins silinda huɗu. Shekara goma sha ɗaya tana hannuna. Ni ba jiya na fara ba, jama'a. Na san ƙarar injina tun daga nesa, na san ranar da ya kamata a juye baƙin mai, na san idan matatar gas ta toshe. Ina faɗin haka ne don akwai waɗanda tun kafin su gama karantawa za su ce ai sakaci ne. Ba sakaci ba ne. Duk wanda ya tsaya a inda na tsaya ranar nan, hadari ya haɗo, mutum bakwai sun ba ni kuɗin haro suna jira, tarakta kuma tana tafasa, to ya zo ya gaya min abin da zai yi.

Abin da take yi shi ne, da safe lafiya lau. Direbana ya ɗaura haro ya shiga gona, minti arba'in ko awa ɗaya, sai allurar geji ta fara hawa har ta shiga ja, ruwa ya fara tsartuwa ta ƙaramin tiyon nan na wuyan lagireto. Ya tsaya, ta huce, ya ƙara ruwa, ya ci gaba, ta sake. Idan tafiya ce kawai a kan titi ba kaya, ba ta yi. Ba farin hayaƙi a salansa. Baƙin mai baƙi ƙirin yadda yake, ba alamar ruwa a ciki. Ku riƙe wannan, don a nan ne duk maganar take.

Har yanzu idan na kwanta abin da nake gani shi ne lokacin da mutumin nan ya ɗora tafin hannunsa a kan tiyon sama na lagireto. Ya yi shiru, ya runtse ido kamar likita, ya girgiza kai. Ya ce, “Alhaji, Allah ne ya so ka. Wallahi da ka ƙara kwana biyu kana aiki da ita, da injin nan ya buga.” Haka ya faɗa, da wallahi a bakinsa. Ni kuma na ji sanyi a raina, na ce Allah ya kawo min mai ceto. Har godiya na yi masa. Godiya!

Na tsallake yadda aka yi na same shi. A wani zauren WhatsApp na manoma ne, na rubuta cewa tarakta tana zafi, bakaniken da na saba da shi ya tafi jinyar mahaifiyarsa. Ba a yi minti goma ba ya biyo ni ta gefe. Ya turo hotunan injuna a kwance, ya turo bidiyo yana tayar da wata tarakta, ya ce shekararsa ashirin a kan Perkins kaɗai. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba sai ya ga aiki. Wane ɗan damfara ne zai ce ba ya karɓar kuɗi? Abin da na tambayi kaina ke nan. Ni da kaina na matsa masa na tura 25,000 na mota da abinci. Ni na matsa masa. Wannan ita ce ta farko.

Da ya zo mun yi sallar azahar tare, sahu ɗaya, kafaɗarsa a jikin tawa. Ya ci tuwo a zaurena. Yana ce wa direbana ƙanina, yana ce min ranka ya daɗe. To ina zan kawo zargi?

Ga yadda ya yi min rufa-ido, kuma sai daga baya na gane. Ya sa aka cika lagireto da ruwa har baki, bayan ta riga ta zubar da kusan rabi. Ya ce a tayar, murfi a buɗe. Sai ga kumfa tana tasowa, ɓul ɓul. Ya kira ni, “Alhaji zo ka gani da idonka, kar ka ce ni na faɗa. Gasket ya ƙone, iskar silinda ce take shiga ruwa.” Gasket shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikin inji, mai hana iska da ruwa da mai haɗuwa. Na leƙa, na ga kumfa da idona. Ai ko kai ne ka gani za ka yarda. Nan take ya kashe injin, bai bari ta yi ko minti biyu ba. Ashe duk lagireton da ruwansa ya ragu aka sake cikawa dole ya yi wannan, iskar da ta maƙale a ciki ce take fita, bayan ɗan lokaci ta daina. Ta gasket ba ta dainawa, kuma ƙaruwa take yi idan aka taka mai. Shi ya san haka. Shi ya sa ya yi saurin kashewa.

Bai duba fanbel ba. Bai leƙa gaban lagireto ba. Bai zaro sandar baƙin mai ba, wallahi bai zaro ba, ni kuma ban tambaya ba, saboda na ga kumfa kuma ya ce injin zai buga.

A ranar ya kwance kan injin ya naɗe a buhu, ya ce zai kai Kano a goge fuskarsa a inji don ya lanƙwashe, a sa sababbin bawul, ya sayo gasket da famfon ruwa na asali. Ya rubuta lissafi a takarda, 310,000. Na sayar da masarar da na ajiye don taki, na je wurin mai POS na tura masa 310,000 a asusun da sunan da ke kai ba nasa ba ne. Na tambaya, ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. Ina da rasit ɗin. Ina da hoton takardar da ya rubuta da hannunsa. Zan ɗora duka, da hirarmu ta WhatsApp daga farko har ƙarshe, da saƙonnin muryarsa inda yake rantsuwa. Ƙanina ya ce in dakata da sa suna da lamba har sai an gama shigar da ƙara, shi ya sa ba ku ga suna ba. Ba tsoro ba ne.

Ya ce kwana biyu. Ya yi kwana tara. Ko takwas ne, na manta, don a tsakanin nan ne aka yi ruwan nan mai yawa na daren Juma'a, mutanen da suka ba ni kuɗin haro suka fara zuwa ƙofar gidana. Mutum uku na mayar wa kuɗinsu. Ɗaya dattijo ne, sa'an mahaifina, ya ce, “Alhaji ban san ka da haka ba.” Wannan maganar ta fi 310,000 ɗin ciwo a wurina.

Da ya dawo, kan injin ya sha fenti yana ƙyalli. Na ce masha Allah. Ya ɗaura, aka tayar, direba ya shiga gona. Minti ashirin ba ta yi ba allura ta shiga ja. Wannan karon kuma ga farin hayaƙi, da aka zaro sanda baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Ya dafe kai ya ce innalillahi, ashe abin ya kai ga silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da komo a ciki, sai an sauke injin gaba ɗaya, a ba shi 150,000 ya je ya kawo kafin a rufe kasuwa.

Na ba shi. Eh, na ba shi 150,000. Na san abin da za ku ce. Amma ku tsaya, mutum ya riga ya zuba 335,000, tarakta a kwance, ƙasa ta jiƙa, lokacin shuka yana wucewa, wanda ya buɗe injin shi ne a gabanka yana cewa saura ƙiris. In kore shi in kira wa? Rance na ci wurin surukina na cika. 25,000, da 310,000, da 150,000. Ku haɗa. 485,000.

Tun da ya hau acaɓa ya bar ƙofar gidana ban sake sa shi a ido ba. Kwana biyu yana ɗauka yana cewa yana hanya, rana ta uku waya a kashe. Ya fita daga zauren. Hoton da ke kan lambarsa ma ya cire. Da na yi magana a zauren, sai ga mutum biyu sun biyo ni ta gefe, kowa da nasa labarin, ɗaya famfon gas aka tafi da shi ba a dawo ba. Sun yi shiru saboda kunya, kamar yadda na so in yi. Da sun yi magana da ban shiga ba. Ban ce laifinsu ne ba, amma da sun yi magana.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijon bakanike ne da ya yi aiki a ma'aikatar gona har ya yi ritaya, surukina ne ya ɗauko shi. Bai taɓa sufana ba da farko. Ya zauna a kan benci ya ce, “Ɗana, gaya min yadda take yi tun kafin a taɓa ta.” Na gaya masa. Ya ce tana cin ruwa ko da ba ta tafasa ba? Na ce a'a. Hayaƙi? A'a. Mai ya canja kala? A'a. A kan titi tana zafi? A'a, sai da haro. Ya tashi ya karɓi tocila, ya ce in tsaya ta gaba, ya haska daga bayan lagireto ta wajen fanka. Jama'a, ko ɗigon haske bai fito ba. Ƙaiƙayin masara da na waken soya na kakar bara da muka yi ta casa da ita, da ƙura, da ɗan man da ke yoyo, sun haɗu sun toshe ramukan kamar an yaɓa laka. Iska ba ta wucewa, to me zai sanyaya ruwan? Ya danna fanbel da babban yatsa, ya nutse sosai, ya ce bai kamata ya wuce kamar faɗin yatsa ɗaya ba, kuma gefensa ya yi santsi yana sheƙi, alamar zamewa yake yi, fanka da famfon ruwa ba sa juyawa yadda ya kamata idan injin ya ɗau kaya. Ya juya murfin lagireto, robar ta tsage. Ya ce murfin nan shi ke riƙe matsi, matsin ne ke hana ruwa tafasa da wuri, idan ya mutu ruwa zai yi ta zuba. Ya leƙa ciki ya ga farin dutse ya kama bututun, ya ce ruwan rijiya ne da muke zubawa shekara da shekaru. Tamostat ma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya ɗau zafi, ya ciro ya jefa a tukunyar ruwan zafi muna kallo, ya buɗe lafiya, ya ce wannan ba shi da laifi, a mayar da shi, kada wani ya ce min a jefar.

Fanbel da murfi da wankin lagireto, duka 13,000. Abin da tarakta ta take nema ke nan tun farko. 13,000. Ni kuma na ba da 485,000.

Sannan ya sa aka kwance kan injin, ya kankare fentin da wuƙa, ya nuna min tsaga siririya tsakanin mazaunin bawul. Direbana ya ce, “Alhaji wannan ba namu ba ne.” Namu akwai wurin da aka taɓa yi wa walda a ƙugiyar ɗagawa, shekara huɗu da suka wuce, shi ya kai aka yi. Wannan babu. Famfon ruwan da ya ce sabo ne, namu ne tsohon, ya wanke ya fesa masa fenti. Wato ya ɗauki kan injina mai lafiya ya sayar, ya sayo na bola ya shafa fenti, ni na biya kuɗin fentin, na biya kuɗin motarsa, na ba shi tuwo. Kuma ya tsaya kusa da ni a sahu. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Ina ta komawa kan hannun nan da ya ɗora a tiyo. Me ya ji a tiyon? Ba komai. Tiyon sama dole ya yi zafi idan injin ya yi aiki, kowa ya san wannan, ni ma na sani. Amma ya ce injin zai buga, kuma ya ce wallahi.

Masu tarakta, idan taku tana zafi ku fara da tocila da fanbel da murfi. Kada a buɗe murfi tana tafasa, kada a kwara mata ruwan sanyi da zafinta. Kada kowa ya kwance muku kan inji sai kun ga ruwa a mai, ko farin hayaƙi, ko kumfar da ba ta tsayawa. Idan dole sai an kai Kano, ku yi wa kayanku alama, yaronku ya bi shi ƙafa da ƙafa. Asusun da ba sunansa ba, kada ku tura.

Gajere ne, fari, yana da tabo a haɓa, yana yawo da jan akwatin ƙarfe, kuma yana fara magana da cewa ba ya karɓar kuɗi sai an ga aiki. Wanda ya taɓa haɗuwa da shi ya yi min magana ta gefe, muna haɗa sunayen waɗanda ya cuta don mu kai gaba ɗaya. Rasit uku da hotunan hira suna nan tafe da daddare in sha Allahu, idan yarona ya dawo ya rufe min lambobin da ke jiki. Tarakta har yau tana ƙarƙashin darbejiya an rufe ta da tamfol, ina neman kuɗin wani kan injin, ga bashin surukina a wuyana.