Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya: abin da take tsinana wa mai bincike da malamin aji

An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka fi sani da HSN, a Ibadan a shekarar 1955, Farfesa Kenneth Dike ne shugabanta na farko. A lokacin akwai Turawa masu cewa Afirka ba ta da tarihin da ya cancanci a karanta kafin zuwansu, kuma ƙungiyar ta tashi ne domin a rusa wannan magana da hujja. Shekara guda bayan haka, a 1956, ta fara buga mujallarta, Journal of the Historical Society of Nigeria. Yau duk wanda ke tunanin biyan kuɗin rajista ya zama mamba yana da haƙƙin ya tambaya: me zan samu?

Mujallar ita ce babbar hajarta, kuma ɗan Arewa ya fi kowa sanin darajarta. A cikinta ne H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya buga maƙalarsa ta 1961 da ta ja hankalin masana kan jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, waɗanda ya ce an yi watsi da su. A 1970 kuma ya buga wata kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. A nan ne ya ƙi yarda a rataya kafuwar sarautun Hausa kacokan a kan zuwan Bayajidda Daura, ya nuna yadda ƙauye ke girma ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da sarki da masu sarauta, saboda noma da kasuwa da tama da wuraren bauta. Har gobe ɗalibin digiri na biyu da zai yi rubutu kan Kano ko Katsina ko Zazzau ba ya tsallake wannan takarda. Tsofaffin fitowar mujallar suna kan JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, amma cikakken shiga galibi sai ta makarantar da ta yi rajista da shi, kuma wannan shi ne cikas na farko ga malamin kwalejin ilimi ko na sakandare.

Ƙungiyar ta kuma fitar da mujallar Tarikh a shekarun 1960, da saukakken Turanci domin ɗalibai da malamai, sannan a 1980 ta fitar da Groundwork of Nigerian History wanda Obaro Ikime ya tace. Littafi ne mai kauri da aka daɗe ana dogaro da shi a ajin farko na jami'a. Sai dai ya haura shekara 40, binciken da aka yi bayansa kan Borno da Daular Usmaniyya da tsakiyar Najeriya ya wuce shi nesa.

Taron shekara-shekara shi ne inda mai bincike zai fi cin moriyar kuɗinsa. Ana fitar da sanarwa da babban jigo da ƙananan jigogi, ka aika tsakure, in an karɓa ka biya kuɗin taro ka kammala takardar, ka gabatar a zauren da aka sa ka cikin 'yan mintuna, sannan a yi maka tambayoyi. Amfanin yana cikin tambayoyin nan, domin a nan ne farfesan da ya shekara 30 yana karanta fayilolin ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna zai nuna maka ramin da ke cikin aikinka kafin mai jarrabawa na waje ya gano shi.

Kurakuran da ke kayar da takardu kusan iri ɗaya ne kullum. Wani zai rubuta cewa ya samo bayani a ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, ya tsaya nan. Dole ne a kawo jerin da lambar fayil da sunansa da shekara, a faɗi ko SNP ne, wato na sakatariyar lardunan Arewa, ko KanoProf ko SokProf ko ZarProf, wato na lardunan Kano da Sakkwato da Zariya, domin wani ya iya zuwa ya buɗe fayil ɗin ya duba. Hirar baka ma haka take: sunan wanda aka yi hira da shi, shekarunsa, sana'arsa ko sarautarsa, garin, da ranar. "Wani dattijo ya ce" ba madogara ba ce. Sai kuma juya shekarun Hijira zuwa Miladiyya, inda ake yawan zamewa. Hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu ta auku a Fabrairun 1804, cikin shekarar 1218. Yaƙin Tabkin Kwatto an yi shi a Yunin wannan shekara ta 1804, amma a lokacin an riga an shiga 1219. Wanda ya ɗauki shekara ɗaya ya manna wa duka biyun ya yi kuskure, dalili kuwa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka farkonsu ba ya haɗuwa. Sai an san wata kafin a juya.

Akwai kuma martabar zama mamba, da lambar girmamawa ta FHSN da ƙungiyar ke ba manyan masana. Wannan na da tasiri a takardar neman ƙarin girma a jami'a, ba shi da wani tasiri a albashin malamin firamare.

Inda ƙungiyar ta fi cancantar yabo shi ne gwagwarmayar dawo da darasin Tarihi makarantu. Darasin nazarin zamantakewa ya daɗe yana cin filin Tarihi a ƙananan azuzuwa, sai manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fito da ita a 2007 ta ƙarasa shi: daga zangon 2009/2010 babu Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. A babbar sakandare ya rage na zaɓi, ɗalibai kuwa suka karkata ga darasin Gwamnati saboda suna ganin ya fi saukin ci a WAEC da NECO. Illar ta bi sarƙa. Da babu masu karantawa, sai masu neman Tarihi a kwalejojin ilimi suka ragu, jami'o'i da dama suka sake wa sashen suna, suka liƙa masa hulɗar ƙasa da ƙasa ko diflomasiyya domin su samu ɗalibai. HSN ba ta yi shiru ba duk tsawon shekarun nan, ta yi ta fitar da sanarwar bayan taro, tana kai koke ma'aikatar ilimi, shugabanninta suna magana a jaridu. A zamanin minista Adamu Adamu aka amince a raba Tarihi da nazarin zamantakewa, hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta ƙasa ta fitar da sabuwar manhaja, kuma a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tare da horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. A 2025 aka sake tabbatar da shi a matsayin wajibi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

To amma a yi lissafi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, malamai 100 ke nan biyu da 'yan kai a kowace ƙaramar hukuma. Katsina mai 34 ba ta kai uku ba. Abin da ke faruwa a makarantar da ba ta samu ko ɗaya ba sananne ne: hedimasta zai ɗora darasin a kan malamin zamantakewa ko duk wanda jadawalinsa ke da sarari, shi kuma ya kwafe sunayen sarakuna da shekaru a allo, yara su hardace, a tashi. Ƙungiya ba ta ɗaukar malamai aiki, wannan na SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ma'aikatun jihohi. Amma tana da mambobi a kusan kowace jami'a, daga Zariya zuwa Sakkwato zuwa Maiduguri, kuma bita ta kwana uku a lokacin hutu ga malaman firamaren da ke kewaye da kowace jami'a ba ta fi ƙarfinsu ba. Malamin aji yana bukatar a nuna masa yadda zai kai yara Gidan Makama ko ganuwar garinsu, da yadda zai tura su su yi wa kakarsu tambaya biyar kan yadda aka kafa unguwarsu.

Gibi na biyu shi ne harshe. Mujallar da tarukan da Turanci ake yin su. Ga tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Arewa House da ke Kaduna, wadda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ga na cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ga malaman zaure da suka fi yawancin masu digiri iya karanta su, amma babu ƙofar da za su shiga ta wannan ƙungiya. Yaron aji biyu a Daura ko Gumel da Hausa zai fahimci labarin garinsu, kuma ƙananan littattafan Tarihi na Hausa da masana suka tantance su ne abin da ya fi ƙaranci a hannun malaminsa.

Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku da sabon malamin jami'a, rajistar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya je taro da takarda a hannu. Malamin sakandare kuwa gara ya fara neman mamban ƙungiyar a sashen Tarihi na jami'a mafi kusa da shi, ya karɓi kwafin manhajar NERDC da maƙalun da suka shafi yankinsa, kafin ya yanke shawarar biya.