Maganin ƙwarin lambun gida: wanne zaka fara saya, da yadda zaka gane na jabu

Duk mai ɗan lambu a bayan gida a ƙasa mai zafi ya san ƙwari basa hutu, babu wani sanyi mai ƙarfi da zai zo ya share su kamar a ƙasashen ƙanƙara, wannan na tafiya wancan na zuwa, darɓa ta gama da kuɓewa farin ƙuda ya sauka kan tumatir, kafin ka juya tsutsa ta huhhuda maka kabeji. Shi yasa tambayar da masu sabon lambu suka fi yi ita ce wane magani zan saya. Ni dai amsata ɗaya ce, in kwalba guda zaka iya saya toh ka sayi man darbejiya na asali, wanda aka matse daga ƙwallon ba tare da an dafa shi ba. Wasu dogon yaro suke ce mata, wasu bedi ko maina, duk bishiya ɗaya ce.

Dalilina shi ne yadda yake aiki. A cikin ƙwallon akwai wani sinadari mai suna azadiraktin, a jikin kwalba zaka ga an rubuta Azadirachtin. Tun 1959 wani masani ɗan Jamus, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar darbejiya, a 1968 kuma aka ware sinadarin kansa. Ƙwaron da ya ci ganyen da aka fesa sai ya daina cin abinci, wanda yake ƙarami kuma ya kasa sake fata ya girma, mace ta rage yin ƙwai, sannan shi man kansa yana toshe wa ƙananan ƙwari masu laushin jiki hanyar numfashi, irin su darɓa da 'ya'yan farin ƙuda da wannan ɗan mitsitsin gizo-gizon da yake saƙa a ƙarƙashin ganye lokacin zafi da bushewar iska. Har farar fumfunar nan mai kamar an barbaɗa gari a ganyen kabewa da kokwamba yana rage ta in an fara da wuri. Kaga kwalba ɗaya ta ɗauki matsala huɗu ko biyar.

Amma fa ba ya kashewa nan take, dan Allah ku riƙe wannan domin zan dawo kansa. Zaka fesa yau gobe ka leƙa ka ga ƙwarin na nan, sai an yi kwana uku zuwa mako kafin ka ga sun ragu sabon ganye ya fara fitowa lafiya. Masu gajen haƙuri a nan suke jefar dashi su ce ba ya aiki.

Abin da ya fi ja na gareshi shi ne lambun gida kullum ana tsinka. Yau ka cire kuɓewa, gobe alayyahu, jibi yara sun shiga sun tsinki tumatir ba tare da sun tambayi kowa ba. Azadiraktin rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki, ba ya daɗewa a ganye, ka wanke kayanka da kyau shikenan. Kuma tunda sai ƙwaro ya ci ganyen ko man ya taɓa shi yana danye, in ka fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun koma ɓarnar da zaka yi musu kaɗan ce, haka ma ɗan jan ƙwaron nan mai ɗige-ɗigen baƙi da yake cinye darɓa. Haɗin da aka saba shi ne cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a lita ɗaya ta ruwa mai ɗan ɗumi, da ɗan sabulun ruwa kamar rabin cokali don man ya haɗu da ruwa, ka girgiza sosai kana fesawa kana girgizawa, ka fi maida hankali ƙarƙashin ganye don a can suke zama. Duk mako sau ɗaya, in ruwan sama ya wanke ka sake. Wanda ka haɗa ka ƙarar dashi a ranar, in ya kwana ƙarfinsa ya tafi. Kar ka fesa da tsakar rana, zafin da ya haura digiri 32 da mai a jikin ganye ƙuna ce, kuma shukar da take jin ƙishi a fara bata ruwa tukuna.

Sauran kuwa. Magungunan kamfani masu kashewa nan take irin su sipametirin da lamda-sihalotirin, eh suna kashewa, amma har da masu taimaka maka suke sharewa, bayan mako biyu gizo-gizon ganye ya dawo ninki saboda babu mai cin sa, ga kwanakin jira kafin girbi da aka rubuta a kwalba wanda a lambun da ake tsinka kullum kusan ba mai iya kiyayewa. Ni bana kai su kusa da ganyen da za'a ci. Kulofirifos kuwa Tarayyar Turai ta hana shi tun 2020, shi da maganin sauro da kyankyaso na ɗaki ba na kayan lambu bane sam, ko wa ya baka shawarar kar ka ɗauka. In har dole sai ka sayi na kamfani toh ka dubi layin kala dake ƙasan takardar, ja da rawaya sun fi haɗari, shuɗi da kore sun fi sauƙi.

Ruwan sabulu kaɗai, sai wanda ya taɓa yake kashewa, da ya bushe aikinsa ya ƙare. Ruwan tafarnuwa da barkono yana ɗan kora na kwana ɗaya biyu. Toka ban ga abin da take yi wa farin ƙuda ba. Tarkon rawaya mai danƙo yana da amfani don ka gane ƙwari sun iso, amma ba zai ceci fangali ba.

Guda ɗaya da nake girmamawa shi ne Bt, wata ƙwayar bakteriya ce da ake sayarwa a gari ko ruwa, tsutsa kawai take kashewa in ta ci ganyen. Mai kabeji ya saye ta a matsayin kwalba ta biyu, haka mai tumatir da yake fama da tsutsar nan Tuta absoluta da ta taso daga Kudancin Amurka ta shiga Sifen a 2006 ta bazu har Afirka da Asiya, amma sai an kama ta tana ƙarama kafin ta nutse cikin ganye ko cikin ɗan. Raga mai ƙananan idanu, lamba 50, ita ma tana da kyau a rufe wurin rainon iri da ita don farin ƙuda ba ya iya wucewa. Na ciwon ganye, maganin jan ƙarfe da mankozeb rigakafi ne, ganyen da ya riga ya yi tabo ba zai warke ba sai dai a cire shi. Farar wuta tana yi wa fumfuna da gizo-gizo aiki amma a zafi tana ƙona ganye, kuma kar a haɗa ta da mai, a bar aƙalla mako biyu tsakaninsu.

Toh yanzu maganar da ta fi ci min rai, jabu. Wallahi man darbejiya yana cikin abin da aka fi yi wa algus, saboda mai ne mai duhu mai wari kuma yawancin masu saye basu taɓa ganin na asali ba. Akwai wani mai sayarwa da ya taɓa bani kwalba da takarda mai kyau da hoton ganye kore shar, na haɗa daidai ƙa'ida na fesa da yamma, washegari ganyen tattasai da barkonon da na raina tun suna iri duk sun yi baƙi sun nannaɗe, da na zuba ragowar a kofi sai ga warin kananzir yana tashi a ƙarƙashin ɗan warin darbejiyar da aka ɗiga a sama. Shukar da mutum ya yi wata da watanni yana shayarwa ta tafi a dare ɗaya saboda wani yana son ribar banza. Tun daga nan duk kwalbar da zan saya tambayata ta farko ita ce shin zata ƙona min ganye, maganar ƙarfi sai daga baya.

Algus ɗin kala-kala ne. Akwai masu sirka shi da kananzir ko baƙin man inji, wannan shi ne mai ƙona shuka. Akwai masu zuba man girki na yau da kullum su ɗiga na darbejiya kaɗan don wari, wannan ba zai ƙona ba amma zaka yi ta fesawa a banza. Akwai masu soya ganyen a cikin mai ya yi kore su ce man darbejiya ne, alhali ƙarfin a ƙwallo yake, na ganye kaɗan ne ƙwarai. Mafi muni su ne masu zuba gubar kamfani a ciki su rubuta na gargajiya ne ko na halitta, kai kuma ka fesa da kwanciyar hankali ba safar hannu ba rufe hanci, gobe ka tsinka ka bawa iyali. Ga inda maganar da nace ku riƙe ta shigo: in ka fesa abin da aka ce maka darbejiya ne ka ga ƙwari na zubowa matattu cikin minti kaɗan, har da manya irin su fara da buzuzu, toh ba darbejiya kaɗai bace a ciki, ka daina amfani dashi kuma kar a ci abin da aka fesa.

Na asali launinsa tsakanin ruwan zuma ne da ruwan ƙasa mai duhu, yana da kauri, warinsa mai ƙarfi kamar tafarnuwa da ta haɗu da farar wuta, ba daɗi. In ya yi ƙamshin turare ko ba ya wari kwata-kwata toh an tace shi don shafawa a jiki ko gashi, ba na lambu bane. In ka saka kaɗan a firij zai yi kauri ya daskare, kananzir ba ya haka, sai dai wannan gwajin ba zai tona mai sirki da man girki ba tunda wasu mayukan suma suna daskarewa, saboda haka a haɗa shi da sauran alamomi. Zallan mai in ka ɗiga a ruwa yana tasowa sama, wanda kamfani ya riga ya haɗa da sinadarin narkarwa kuma ruwan zai koma fari kamar madara, duka biyun daidai ne in dai abin da takarda ta faɗa kenan, amma takarda tace zalla ne ruwa ya yi fari, ko tace haɗaɗɗe ne mai ya taso, akwai ƙarya a wani wuri. Kuma dan Allah kar wanda ya ɗanɗana don ya ji ɗaci, baka san me aka zuba ba, shi kansa na asalin ma guba ne ga ƙananan yara in sun sha, a ajiye shi inda hannunsu ba zai kai ba.

Takardar jiki ma a karanta ta a tsanake. Na kamfanin kirki yana rubuta yawan azadiraktin da lamba, zaka ga 300 ko 1500 ko 3000 ko 10000 ppm, wato kashi nawa ne a cikin miliyan, kowanne da nasa awon haɗawa, mai 10000 ba'a zuba shi kamar mai 300. A duba ranar yi, ranar lalacewa, lambar rukuni, lambar rajistar hukumar dake kula da magungunan gona a ƙasarku, da adireshin wanda ya yi. Kwalbar da babu ko ɗaya cikin waɗannan sai manyan kalmomi irin su yana kashe komai, ajiye musu kayansu. Murfin da zobensa ya riga ya tsinke, takardar da aka liƙa kan wata takarda, ranar lalacewa da aka goge aka sake bugawa, duk alamun an sake cika tsohuwar kwalba ne. Akwai kuma wanda ba jabu bane amma ya mutu, kwalba fara garau da ta yi watanni a kan tebur rana na dukanta, azadiraktin ɗin ciki ya gama lalacewa tun kafin ka biya. Akwai ma wanda kamfani ya cire azadiraktin ɗin ya sayar daban ya bar man da aka tace, halal ne sayar dashi kuma yana shaƙe darɓa da rage fumfuna, amma ba zai hana tsutsa ci ba, ya kamata mai sayarwa ya faɗa maka gaskiya.

Wata yaudarar kuma ta baki ce. Tumatir ɗinka ganyen sama ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya, wannan bairas ne da farin ƙuda yake ɗaukowa, babu kwalbar da take warkar dashi a duniya, tuge shukar zaka yi ka fitar da ita daga lambun. Shuka ta yanƙwane farat ɗaya ganyenta na kore ƙasa kuma da danshi, yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, in ka ga wani farin abu yana zarewa ƙasa kamar zare toh bakteriyar cikin ƙasa ce, feshi ba ya kaiwa gareta. Ka tuge kuɓewa ka ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani, maganinta canza abin da ake shukawa a wurin, ko a jiƙa ƙasar a rufe da farar leda garau wadda ake ganin ƙasar ta cikinta mako huɗu zuwa shida a tsananin rana. Duk mai sayarwar da ka kwatanta masa ɗaya cikin ukun nan ya miƙo maka kwalba yace zata warkar, ko darbejiyar ce, kuɗinka kawai yake so.

Ka sayi ƙaramar kwalba tukuna, mai duhu, ka gwada a ganye uku huɗu na shuka ɗaya ka jira kwana biyu, in basu ƙone ba sannan ka bi sauran fangalin. In kuma akwai bishiyar kusa da kai zaka iya tsallake masu algus gaba ɗaya, ka tara 'ya'yan da suka nuna ka wanke ka shanya a inuwa, ka fasa ka daka ƙwallon, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle mai laushi don kar ya toshe bakin famfon feshi, ka ɗiga sabulu ka fesa da yammar ranar. Ƙwallon da ya yi fumfuna a zubar, wanda ya haura wata takwas zuwa goma a ajiye kuma ƙarfinsa ya ragu sosai, gara a jira sabo.