Laburaren Libri Prohibiti a Prag: inda aka tara littattafan ɓoye

Baƙo in ya sauka Prag, babban birnin ƙasar Cek, gadar Charles da agogon tsohon gari ake fara nuna masa. Ni kuwa laburaren Libri Prohibiti nake tura mutane. Yana dandalin Senovážné, 'yar tafiya kaɗan da ƙafa daga babbar tashar jirgin ƙasa. Jiří Gruntorád ne ya buɗe shi a 1990, mutumin da ya sha ɗaurin shekara huɗu a zamanin kwaminisanci saboda yaɗa rubuce-rubucen da hukuma ta haramta.

Abin da aka adana a nan shi ne samizdat, wato littattafai da mujallun da 'yan adawar Chekoslobakiya suka riƙa fitarwa a ɓoye bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe yunƙurin sassauta mulkin kwaminisanci na 1968. Maɗaba'a tana hannun gwamnati, saboda haka tafireta ce ta zama maɗaba'arsu. Mai bugu, galibi mace, za ta jera takardu sirara kamar fatar albasa, kabon a tsakaninsu, ta riƙa dukan haruffa da iya ƙarfinta don rubutu ya ratsa har ƙasa. Bugu ɗaya, kwafi goma ko sama da haka kaɗan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kwafi ne daga can ƙasan jeri. Haruffan sun dushe, sai da na karkata shafin wajen haske kafin na bambance su, ga wani wuri an gyara kuskure da biro. Wata baiwar Allah ta kwashe makonni a kansa, tana sane da cewa ƙarar tafireta cikin dare kaɗai na iya jawo mata 'yan sandan ciki na StB. Duniya ta san Václav Havel, marubuci ɗan adawa da ya zama shugaban ƙasa daga baya, da takardar neman kare haƙƙin ɗan Adam ta Charter 77 wadda mutum 242 suka fara sa wa hannu, amma wallahi waɗannan mata sun cancanci a riƙa ambatonsu tare da shi.

Akwai kuma jerin littattafan samizdat mai suna Petlice da marubuci Ludvík Vaculík ya riƙa fitarwa, inda wanda ya rubuta littafi kan sa hannu a kan kwafi, don in an kama a ce ai rubutunsa ne na ƙashin kansa. Dabarar ba ta hana bincike gidaje da kiran mutane amsa tambayoyi ba. UNESCO ta sa mujallun samizdat na laburaren cikin kundinta na tarihin duniya a 2013.

Wurin karatu ne da bincike, a nan ciki ake duba kayan, ba a fita da su. Yawancinsu da harshen Cek ne, don haka ka tafi da wanda ya iya, ka kuma duba lokutan buɗewa kafin ka fito. Ɗalibin tarihi ko aikin jarida ya ware wa wurin yammaci guda cur.