Kafin ka ce wa mai kemis "haɗa mini": me ya kamata ka saya idan mura ta kayar da kai?

Da hunturu ya sauka a Zariya, ƙura ta rufe Samaru da Sabon Gari, sai kemis ya cika da masu tari da ciwon kai. Akwai murar da ke tsayawa a hanci, mutum yana fyace majina yana ci gaba da harkarsa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai faɗowa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da mutuwar jiki. Ita ce ke hana malami shiga aji, ta sa ɗan kasuwa ya bar shago a kulle kwana uku ko huɗu. Yawanci zazzaɓin kan tafi cikin mako guda, amma tari da kasala sukan kai mako biyu.

Kuɗinka na farko ya tafi ga gwajin maleriya. Alamomin cututtukan biyu suna kama da juna ƙwarai, gwajin ɗigon jini a yatsa kuma minti 15 zuwa 20 ne. Idan ya nuna babu, ka huta da sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da ba ka buƙata.

Daga nan sai zaɓi tsakanin farasitamol zalla da ƙwayoyin mura irin su Procold da Mixagrip. Ni farasitamol zalla na fi ba mai aiki shawara. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Ƙwayoyin mura kuwa sun haɗa farasitamol da maganin toshewar hanci da wani sinadari mai tsayar da majina, wanda yake sa barci. Ga wanda zai kwanta da daddare hanci a toshe, suna da amfani. Amma ɗan acaɓa, ko mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Kwangila da PZ, ko direban hanyar Kaduna, bai kamata ya sha su ya hau titi ba. Mai hawan jini ma ya yi hattara, domin maganin toshewar hancin yana iya ɗaga jini. Babban haɗarin da nake so a kiyaye shi ne haɗa su biyun: mutum ya sha Procold, ya ƙara da Panadol, bai san farasitamol ya sha sau biyu ba. Yawansa yana lalata hanta.

Ibuprofen yana da kyau ga ciwon jiki, a sha shi bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu su bar shi.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane a banza shi ne su Ampiclox da amoxicillin. Ƙwayar bairos ce ke kawo mura, waɗannan kuwa bakteriya suke kashewa, don haka ba za su rage maka ko kwana ɗaya na jinya ba. Shan su barkatai kuma shi ke sa su daina aiki ranar da ake buƙatarsu da gaske. Haka kuma ba na son "haɗi", ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda babu suna. Ka karɓi magani a cikin katinsa, ka duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Maganin tari mai kodin kuwa, tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, kada ka yarda a miƙo maka ta bayan kanta.

Ga tari da kaushin maƙogwaro, zuma a ruwan ɗumi da citta da lemun tsami suna sauƙaƙawa, kuma sun fi yawancin kwalaben sirop araha. Surace yana buɗe hanci na ɗan lokaci, a dai kula da ruwan zafi kusa da yara. Ka sayi takunkumi idan dole ne ka fita, domin kana iya shafa wa abokan aiki har kwana biyar zuwa bakwai. In da hali, ka zauna gida sai zazzaɓi ya yi awa 24 da sauka ba tare da magani ba.

Akwai matakin da kemis ba wurin zuwa ba ne. Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, sanƙarewar wuya, ko zazzaɓin da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, duk na asibiti ne, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na ABU a Shika. Dattijon da ya haura 65, da mai juna biyu, da mai ciwon suga ko asma, su ga likita tun ranar farko ko ta biyu, saboda maganin infuluwenza mai suna oseltamivir da likita kan rubuta ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48.