Ƙazuwa ta same mu a Ingila

Ranar da likitar fata ta ce mini abin da ke damun ɗana ƙazuwa ce, na so a ce ƙasa ta tsage in shige. Ƙazuwa, a Ingila, a gidan da nake gogewa safe da yamma? Na ce mata don Allah ta sake dubawa. Ta miƙo mini ɗan madubin nan mai fitila da suke ƙara girman fata da shi, ta ce in leƙa tsakanin yatsunsa. Sai ga wani siririn layi kamar an ja zare a ƙarƙashin fatar. Ta ce ramin ƙwaron ke nan, a ciki macen take zuba ƙwai. Gani ya kori ji.

Kafin mu kai ga ɗakinta mun sha wuya. Da sanyin 2023 yaron ya fara susa, da dare abin ya fi tsanani, har ya riƙa tashi yana kuka. A nan ba ka tashi kawai ka tafi wurin likitan fata. Sai ka bi ta hannun likitan unguwa, shi ma sai ka buga waya da ƙarfe 8 na safe kana jin wata murya tana gaya maka kai ne na goma sha kaza a layi. Da na samu shiga, cewa aka yi in turo hoto. Hoto fa! Amsa ta dawo wai bushewar fata ce, in yawaita shafa masa mai. Karo na biyu an gan shi ido da ido, aka ce ƙirci ne. Matashin likitan ya yi ta juya hannun yaron yana neman jan da ya saba gani a littafi, alhali fatarmu ba ta yin ja irin tasu, duhu take ƙarawa. Na tuna tsofaffin ma'aikatan jinya na gida, waɗanda daga bakin ƙofa za su hango yaro yana susa su faɗi sunan ciwon. Wallahi ranar na yi kewarsu.

Daga baya aka tura mu asibitin gwamnati. A ƙa'idarsu bai kamata jira ya wuce makonni 18 ba, mu dai mun kusa cinye su.

Ɗakin jiran ne ya sauya mini tunani. A da ina ɗauka ciwon fata namu ne, na zafi da cunkoso da ƙarancin ruwa. Sai ga ɗaki maƙil da Turawa. Wani dattijo a gefena gwiwar hannunsa duk ta yi ɓawo fari, yana karkaɗe shi daga kan wandonsa ba tare da ko ɗar ba. 'Yan mata biyu, da ganinsu ɗalibai, suna ta susar wuyan hannu kamar ɗana. Wata ta zo a duba mata baƙin tabo a kafaɗa don tsoron ciwon daji. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yakan je wurin likita a shekara saboda fata. Ƙazuwar kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 200 ne ke ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma tun 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Kunyar gaske tana gaba. Likitar ta tambaye ni ko akwai abin da na shafa masa. Na ciro bututun man nan da na taho da shi daga gida, mai haɗin magani uku, wanda muke shafa wa komai: makero, kyasbi, ƙurajen zafi, har cizon sauro. Ta karanta jikinsa, ta tsaya a kan kalma ɗaya, clobetasol, ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya rubuta miki wannan?"

Na ce babu kowa. Ta ce maganin kwantar da kumburin fata ne, yana cikin mafi ƙarfin irinsa, a nan ba a ba da shi sai da takardar likita. Yana kwantar da ƙaiƙayi, ƙwaron kuma yana ci gaba da hayayyafa, ga shi yana ɓad da kamannin ciwon har likita ya kasa ganewa, in an daɗe ana shafawa fata ta yi siriri. Ashe da hannuna a cikin ruɗewar wancan matashin da na yi ta zagi a raina.

'Yan uwa, wannan halin namu ne nake kuka da shi. Ciwon fata muke ɓoyewa cikin dogon hannu, mu bi dare mu sayo mai, wata ta ara wa wata ragowar bututu, sai abin ya zama gyambo sannan a tuna da asibiti. Masu sayarwar ma ba mai tambayarka me za ka yi da shi.

Maganin kansa ba wuya sai naci. Man permethrin, duk jiki, ya kwana awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan kwana 7. Kowa a gidan sai ya shafa a dare guda ko ba ya susa, domin ƙaiƙayin kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin ya bayyana. Maigidan ya so ya ƙi, wai shi lafiyarsa lau, sai da na ce to ya koma falo da kwana. Zannuwan gado a ruwa mai zafin digiri 60, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda kwana uku. Kantin magani huɗu na zaga kafin in samu, domin a lokacin man ya yi ƙaranci a ƙasar gaba ɗaya.

Bututun nawa kuwa likitar ba ta mayar mini ba. A aljihun teburinta ta jefa shi, na hango wasu irinsa guda biyu a ciki.