Na'urar SPD mai kare kayan gida daga tsallen wuta

Ana ɗaura ta a akwatin rarraba wuta, dab da babban makunni. Ta rukuni na 2, wato irin wadda ake sawa a wannan akwatin, mai alamar 275V da 20kA a jikinta, ta ishi yawancin gidaje, kuma ta ci kuɗinta. Sai dai ingancinta yana hannun mai haɗa wutar: tsawon wayoyinta gaba ɗaya kada ya wuce rabin mita, wayar ƙasa kuma, wato mai zubar da wutar cikin ƙasa, kaurinta ya kai 6mm². In waya ta yi tsawo, ƙarfin tsawa zai isa talabijin da firiji duk da tana nan. Tana da 'yar taga mai nuna lafiyarta: kore ce idan tana aiki. Da ta koma ja, a canza. Ba ta karewa idan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta katse. In mai gida ya ƙi a ɗaura ta, ma'aikaci ya karɓi ƙin a rubuce, domin ranar da kaya suka ƙone ma'aikacin za a fara tuhuma.